Koyar da karatu a aji ɗaya: yadda malami zai raba hadda da iya karatu

Duk wanda ya wuce ta bayan tagar aji ɗaya a firamaren cikin garin Katsina ko Daura ya san wannan amon: "ba, be, bi, bo, bu!" Yara tamanin, murya ɗaya. Da daɗin ji, amma yana ruɗin malami. Yawancin yaran nan sun saba da hadda tun daga makarantar allo, kunnensu kaifi gare shi, sau uku za su ji abu sun riƙe. Ka nuna "bo" shi kaɗai ka tambayi yaro guda, sai ya ce "ba", domin da shi ake farawa. Waƙar ya riƙe, harafin kuwa bai san shi ba.

Fara da sautin harafi, ka ajiye sunansa na Turanci. Yaron da ya zo da waƙar ABCD a baki yana kiran a da "e", yana kiran e da "i". Wasulan Hausa biyar ne, a, e, i, o, u, don haka biyu sun riga sun rikice masa tun kafin a fara. Kuma ba dole ne a bi jerin baƙaƙe daga b zuwa z ba. Ɗauki a, sai k, m, n, harafi biyu a mako. Da waɗannan huɗu kaɗai yaro zai karanta kaka, mama, nama, kama, Nana. Ka ƙara t, ya sami jimla sukutum: "Mama ta kama Nana." A mako na uku ke nan, kuma ranar da yaro ya karanta jimla da kansa har gida zai kai labari.

Kayan aikin ba sa buƙatar kuɗi mai yawa. Nemi kwalin taliya ko na sabulu wurin masu shago, ka yanka shi girman tafin hannu, ka rubuta gaɓa ɗaya a kowane yanki da baƙin alƙalamin maka mai kauri: ka, ma, na, ta. Jan maka ba ya fitowa sosai a kan kwali mai ruwan ƙasa, na bayan aji ba za su gani ba, balle lokacin hunturu da ake rufe tagogi saboda ƙura.

Idan darasin minti 35 ne, ba bitar jiya minti 5, sabon harafi minti 10, haɗa gaɓoɓi minti 10, sauran na rubutu. Wurin haɗa gaɓa a nan aikin yake. Fito da yara biyu, ɗaya ya riƙe "ka", ɗaya "ma", su tsaya nesa da juna. Aji ya karanta kowanne. Su matso, a sake karantawa, har kafaɗunsu su haɗu a ji "kama". Sai su sauya wuri, ta koma "maka". Wanda ya ci gaba da cewa "kama" bayan an sauya, ka gane shi, ba katin yake kallo ba. Kullum ka riƙa cakuɗa katunan kamar karta, kada tsarin yau ya zama na gobe.

Akwai kurakurai uku da za ka yi ta gani. Na farko, fara rubutu daga dama, domin da haka hannu ya saba a makarantar allo. Sa ɗigo babba a gefen hagu na kowane layi a littafin yaro, ka ce daga nan ake tashi. Na biyu, rikita b da d, da kuma masu ƙugiya. Kada ka koyar da b da d a mako guda, ka bar ɓ, ɗ, ƙ sai takwarorinsu sun zauna. In lokacinsu ya yi, kawo su bibbiyu da ma'ana: kafa da ƙafa, baki da baƙi, bari da ɓari. Ka tambaya, "Wanne ne ake takawa da shi?"

Na uku namu ne na gida. Bakatsine yana cewa "tahi", yana cewa "hwara", kuma yaro abin da bakinsa ya faɗa shi hannunsa zai rubuta. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, alama ce ma cewa ya gane sauti da harafi tafiyarsu ɗaya. Yaba masa tukuna, sannan ka nuna masa cewa a littafi "tafi" da "fara" ake rubutawa. Malamin da ya ɗaga bulala a kan wannan, gobe yaron ba zai ƙara rubuta komai ba sai abin da ya kwafa daga maƙwabcinsa.

Saura sanin matsayin kowane yaro, abin da ake cewa ba ya yiwuwa a babban aji. Yana yiwuwa. Lokacin da ake rubutu, kira yara takwas ɗaya bayan ɗaya, minti guda kowanne, ka nuna masa katuna biyar a cakuɗe. A kwana goma na makaranta ka zagaye yara tamanin. Riƙe littafi daban da sunayensu, ka sa alama iri uku: bai san harafi ba, ya san harafi bai iya haɗawa ba, yana karanta kalma. Rukunin farko su dawo layin gaba, kusa da allo, su riƙa zana harafin da yatsa a ƙasa ko a kan benci kafin su taɓa fensir. Masu karanta kalma a raba su cikin layuka, kowanne ya zauna da biyu daga rukuni na tsakiya da katuna a hannu. Wanda ya yi fashin mako guda, ko don aikin gona da damina ko don ciwo, a sake gwada shi ranar da ya dawo, kafin ya ɓace cikin amon aji.