Yadda Ake Gane Ko Motarka Na Buƙatar Tokarin Mastan Birki, Da Yadda Ake Ɗaura Shi

Mastan birki, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi idan an taka feda, yana ɗaure ne a jikin bosta, wadda ke ƙara wa takun direba ƙarfi, ita kuma bosta a jikin farantin ƙarfen da ya raba inji da direba. Farantin ba shi da kauri. Idan aka taka birki da ƙarfi yana ɗan lanƙwasawa, masta ya matsa gaba, wani ɓangare na takun ya tafi a banza. Tokari ƙarfe ne da ake ɗaurewa kusa da kan shokzoba, yana da noti mai dogon jiki da ke tare bakin masta. Cusco da GrimmSpeed suna ƙera shi don motocin gudu irin su Subaru WRX da Toyota 86.

Abin da yake gyarawa taurin feda ne kawai. Ba ya rage nisan da mota ke ci kafin ta tsaya. Wannan aikin taya ne da fad ɗin birki.

Kafin ka kashe kuɗi, gwada. Ka tsayar da mota a wuri marar gangare, ka buɗe bonet, ka ta da inji. Ka kafa rula a jikin mota kusa da bakin masta, wani ya taka birki iya ƙarfinsa kana kallo. In masta ya motsa har ido ya gani, tokari zai yi amfani. In bai motsa ba, riƙe kuɗinka.

Sai ka tabbatar ba wata cuta ce ke sa fedar laushi ba, don yawanci ita ce. Feda mai taushi kamar soso, iska ce a layi, a fitar da ita. Wadda ke nutsewa a hankali ƙafa na kanta, robar cikin masta ce ta mutu. Wadda ke ɓacewa bayan an gangaro dogon gangare irin na Hawan Kibo da ke hanyar Jos kuwa, man birki ne ya tafasa. Sabon man birki nau'in DOT 4 yana jure zafin digiri 230 na Celsius, amma da ya sha danshi sai ya sauko wajen 155. Shi ya sa ake canza shi duk shekara 2. Tokari ba ya maganin ko ɗaya cikin ukun nan.

Wurin saye, a kula da ɓangaren sitiyari. Tun 1972 sitiyarin motocinmu na Najeriya a hagu yake, na Japan a dama, kuma masta yana bin ɓangaren direba. Tokarin da aka yi wa motar Japan ba zai zauna ba, ko da wane bakanike ka kai wa a Farin Gada ta Jos.

Ɗaurin bai kai awa ɗaya ba. Bari inji ya huce. Ɗora tokarin a ramukan da aka tanada, amma kada ka taɓa babban notin tsakiyar shokzoba, shi ke riƙe da sifirin. Ɗaure notocin gindi tukuna. Sannan ka murɗa notin tokarin da hannu har ya taɓa bakin masta, ka ƙara ɗan abin da takardar kamfanin ta ce, ka kulle da noti na biyu. Nan mutane ke ɓata aiki: su sa sifana su danne, masta ya zauna cikin matsi dare da rana, ƙarar inji ta riƙa shigowa ta feda.

Duba kada ƙarfen ya gogi bututun mai ko wayar tankin man birki. Ka gwada a titi marar cunkoso, ka sake duba notocin bayan mako ɗaya.