Yadda ake tsara ruwan shan ƙaramar hukuma na shekara 20

Idan aka ɗora maka rubuta tsarin ruwan sha na ƙaramar hukuma, fara da ajiye jerin rijiyoyin burtsatsen da kansiloli suka kawo maka a gefe. Kowane kansila yana son a haƙa a mazaɓarsa, kuma ba a ga laifinsa ba, amma da wannan jeri ba za ka san ko garin zai sha ruwa a 2045 ba. Lissafi biyu ake nema. Lita nawa mutane da dabbobinsu za su buƙata kullum nan da shekara 10 da kuma 20? Lita nawa rijiyoyi da gulbi za su iya bayarwa a watan Afrilu na shekarar da damina ta yi gardama? Ratar da ke tsakanin amsoshin nan biyu ita za ta gaya maka abin da za a gina, da lokacin da za a gina shi.

Mataki na farko: ƙidaya masu shan ruwan

Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya a 2006 aka yi ta. Sabon ma'aikaci yakan ɗauki alƙaluman wancan lokaci, ya ɗora musu kashi 3 cikin 100 kowace shekara, ya raba wa kowace mazaɓa daidai wa daida, ya ce ya gama. Ba haka mutane suke yaɗuwa ba. Hedikwata da garuruwan bakin titi suna kumbura, ƙauyukan ciki kuwa wasu ma raguwa suke yi, balle a yankunan Zamfara da Katsina da Sakkwato inda rashin tsaro ya kwaso ƙauyuka ya jibge su a cikin gari. Je wurin ma'aikatan rigakafin shan-inna, su ne suka bi gida-gida da alli a hannu. Karɓi rajistar makarantun firamare. Tambayi masu unguwanni da dagatai yawan magidanta, ka leƙa hoton tauraron ɗan'adam ka ƙirga rufin kwano. In alƙaluman sun saɓa, ni na sama nake ɗauka.

Ga misali da za mu riƙa komawa gare shi. A ce gari yana da mutum 15,000 yau, yana ƙaruwa da kashi 3 cikin 100. Nan da shekara 10 zai kai kimanin 20,000, nan da shekara 20 kuma 27,000. Manufar ruwan sha da tsafta ta ƙasa ta shekarar 2000 ta ware lita 30 ga mutum ɗaya a rana a karkara, lita 60 a ƙananan garuruwa masu mutum 5,000 zuwa 20,000, lita 120 a birni. Yau ke nan garinmu yana neman lita 900,000 a rana. Nan da shekara 20, ko da an tsaya a lita 60, ya wuce lita miliyan 1.6. To amma lura, a tsakiyar tafiya garin zai haye 20,000, ya fita daga sahun ƙananan garuruwa. Ba takarda ce za ta ƙara wa mutane ƙishirwa ba. Ranar da famfo ya shiga cikin gida, matar da take tattalin jarka huɗu ta daina tattali, a gina banɗaki mai ja, a dasa mangwaro a tsakar gida. Saboda haka rubuta lissafi biyu, na lita 60 da na lita 120, ka nuna wa ciyaman duka.

Sai dabbobi, waɗanda kusan kullum ake mantawa da su. Saniya ɗaya a bazara tana shan lita 30 zuwa 40, wato daidai da rabon mutum guda a karkara ko fiye. In akwai burtali ko mashaya ko karar dabbobi a yankinka, ka zauna da arɗo da sarkin kara. Ƙara da masu buga bulo, masu wankin mota, masu fiya wata, kwatar mahauta, masu gumin shinkafa, makarantun kwana, tsangayu, asibiti, da ranar kasuwa.

Game da ruwan da yake zubewa a hanya, akwai wani kuskuren lissafi da na gaji da gyarawa. Idan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka turo yana ɓacewa a fasassun bututu, ba kwata za ka ƙara a kan buƙata ba, raba buƙatar za ka yi da 0.75. Lita miliyan 1.6 ta koma sama da miliyan 2.1. Bambancin da alama kaɗan ne, amma ruwan rijiyoyi da dama ne.

Mataki na biyu: auna abin da ke ƙasa, kuma a bazara

Nan ne tsare-tsare suke mutuwa, don haka nan zan daɗe.

Abin da na sha gani shi ne wannan. Kuɗin aiki ya fito a ƙarshen damina, ɗan kwangila ya kawo injin haƙa a Satumba, ya hura iska a ramin, ruwa ya yi tsiri sama, yara suna ihu, a ɗauki hoto, a rubuta cewa rijiya ta ba da ruwa mai yawa. Wannan tsirin ƙarfin iskar injin ne. Gwada rijiya a wannan lokaci kamar leƙa rumbun manomi ne da kaka. Watan Maris zuwa Mayu, kafin saukar ruwan fari, shi ne lokacin da za ka san gaskiyarta, kuma duk alƙalamin da ba a wannan lokaci aka ɗauka ba, kada ya shiga tsarinka sai ka rage shi sosai.

Ba sai da na'ura mai tsada ba. Nemi jarka mai cin lita 25 da agogon wayarka. Bari famfon da ke turo ruwan ya yi aiki na aƙalla awa biyu tukun, sannan ka tara jarka a bakin bututun da ke hawa tanki, ba a bakin famfon da mutane suke ɗiba ba. In ta cika a sakan 25, rijiyar tana ba da lita ɗaya a sakan. In sai da ta ci sakan 50, rabin lita ke nan. Maimaita da yamma. Sa kunne kuma: famfon da yake tari, yana tofar da iska, ruwan yana zuwa da yashi ko ya yi fari-fari, ya riga ya janye ruwan zuwa bakinsa. Wanda yake kunna injin ya san wannan sarai, zai ce maka “ai Malam, bayan azahar sai mun kashe ta huta.” Rubuta maganarsa, ta fi takardar ɗan kwangila amfani.

Zurfin ruwa kuma da sassafe ake auna shi, kafin a kunna komai. A rijiyar gargajiya igiya da ɗan ƙarfe sun isa: sake shi a hankali har ka ji ya taɓa ruwa, ka ƙulla igiyar daidai bakin rijiya, ka ja ta sama ka auna da tef. A burtsatse ana buƙatar ma'aunin nan mai ƙara idan ya taɓa ruwa, kuma guda ɗaya ya ishi ƙaramar hukuma, kuɗinsa bai kai na bikin buɗe rijiya ɗaya ba. Zaɓi rijiyoyi 10 ko 15 a sassa daban-daban, a auna su ranar farko ta kowane wata, a littafi mai bango mai ƙwari wanda ba zai bi ma'aikaci gida ba idan an yi masa canjin wurin aiki. Bayan shekara 3 za ka ga ko damina tana mayar da abin da rani ya kwashe, ko kuwa kowace shekara ruwan ƙara nitsewa yake yi. A Borno an ga haka da rijiyoyin da aka haƙa a shekarun 1950 da 1960, waɗanda suke ɓulɓulo da ruwa da kansu ba tare da inji ba. An bar da yawa suna kwarara dare da rana, ƙarfinsu ya yi ta raguwa.

Sabuwar rijiya kuwa, ba na sa hannu a kan takardar biya sai an yi gwajin janye ruwa na awa 24 a jere, in ta gari ce mai ɗaukar dubban mutane, awa 72, sannan a auna yadda ruwan yake dawowa bayan an kashe famfo. 'Yan kwangila ba sa son wannan saboda dizal. A sa kuɗin dizal ɗin a cikin kwangila tun farko, a huta da gardama.

Yanzu koma kan misalinmu. Rijiya mai lita ɗaya a sakan tana ba da lita 3,600 a awa. A takarda za a ninka da awa 24 a rubuta 86,400. Amma in da sola take aiki, awa 6 na rana mai ƙarfi za ka lissafa, wato 21,600, kuma da hazon hunturu ko ƙura a kan faifan sola ba za ta kai haka ba. Garin da yake neman lita 900,000 zai buƙaci irin wannan rijiya sama da 40 a yau, sama da 70 nan da shekara 20. Wannan lissafin shi kaɗai ya isa ya nuna wa kowa cewa burtsatse a kowace unguwa ba za ta riƙe gari mai girma ba. Kuma lita ɗaya a sakan ma alheri ce a ƙasa mai dutse, irin ta yawancin Kano da Kaduna da kudancin Katsina, inda ruwa yake maƙale a tsagar dutse, rijiyoyi biyu kusa da juna suna ƙwacen ruwa ɗaya. A ƙasa mai yashi, kamar kwarin Haɗeja, gefen Tafkin Chadi da yankin Gwandu, labarin daban ne, rijiya ɗaya mai zurfi tana iya yin aikin goma. San ƙasar da kake kai kafin ka kwafi tsarin wata ƙaramar hukuma.

In madatsar ruwa ce abin dogaronka, kada ka yarda da yawan ruwan da aka rubuta ranar da aka gina ta. Tiga tun 1974 take, kuma kowace madatsa tana tara laka da yashi shekara bayan shekara. Rana kuma tana ɗauke kusan mita biyu daga saman ruwa a shekara a arewa. A bazarar 2018 Goronyo ta ja baya har hankalin mutanen Sakkwato ya tashi. A Satumban 2024 kuma Alau ta ɓalle, ta mamaye Maiduguri, alhali daga ita matatar ruwan birnin take ɗiba. Wato madatsa tana iya yasar da kai ta fuska biyu, don haka kada gari ya rataya a kan tushe ɗaya. Manyan madatsun nan ba na ƙaramar hukuma ba ne, suna hannun hukumomin raya kogunan Haɗeja da Jama'are, ko Sakkwato da Rima, ko yankin Tafkin Chadi, kuma manoman rani suna da rabonsu. Nemi kasonka a rubuce. Shekarar da za ka gwada tsarinka da ita kuma ta zama irin farin 1973 ko na 1984. Dattawan gari za su nuna maka rijiyoyin da ba su ƙafe ba a lokacin, ka sa musu alama a taswira.

Kai samfurin ruwa ɗakin gwaji. A Kaltungo ruwan ƙasa yana da sinadarin da yake rina haƙora, a unguwanni masu cunkoso kuma shadda ce take tsiyaya cikin rijiya. Ruwan da ba ya shawuwa kada ya shiga lissafi.

Mataki na uku: cike ratar

Zana layi biyu a takarda ɗaya, buƙata tana hawa, samuwa tana kwance ko tana gangarowa. Shekarar da suka haɗu, koma baya da shekara 5, a nan ya kamata a fara aiki, domin neman kuɗi da zane da kwangila ba sa ƙarewa a zangon ciyaman ɗaya.

Ni dai da gyara nake farawa. Tayar da burtsatsen da ta mutu saboda famfo ko 'yar na'urar sola ya fi haƙa sabuwa araha nesa ba kusa ba, toshe bututun da yake zuba a kwata kuma ruwa ne da ka riga ka biya kuɗin turo shi. Bayan gyara sai tanki, wanda zai riƙe aƙalla rabin buƙatar rana, saboda kowa da asuba da yamma yake ɗiba. Sai a zo kan sabon tushe: rukunin rijiyoyi a fadama a jawo da bututu, ko haɗa kai da hukumar ruwa ta jiha. Filin da za a yi wannan a killace shi yanzu, da sa hannun hakimi, kafin a yanka shi fuloti. Babban bututu a sa mai faɗin da zai ɗauki shekara 20, famfo da faifan sola kuwa a saya na shekara 7 zuwa 10, a ƙara daga baya.

Mataki na huɗu: kuɗi da bita

Kuɗin jarka ka tambayi 'yan garuwa, su ne suka san abin da mutane suke biya da rani. Mutane sun riga sun saba biya, don haka a yanka farashi ƙasa da na garuwa wanda zai riƙe mai gadi, mai kunna inji da canjin famfo, a buɗe asusu mai sa hannun mutum uku, da mace a ciki. 'Yan garuwan a ba su wurin ɗiba da farashin sari, kada a kore su, su ne bututun unguwannin da ba a kai ba. Kowane tanki a sa masa mita. Tsarin a kai shi majalisar ƙaramar hukuma ta amince, a ajiye kwafi a hukumar ruwan karkara ta jiha, a sake buɗe shi duk bayan shekara 5 da sababbin alƙaluman littafin awo.