Yadda Za Ka Jure Makonnin Farko Bayan Ka Daina Shan Taba

Wanda ya yi shekaru yana shan taba, ranar da ya ajiye ta jikinsa ba zai yi shiru ba, kuma gara ya san abin da ke tafe tun kafin ya same shi. Sinadarin nikotin da ke cikin hayaƙin sigari yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙu kaɗan bayan an zuƙa, ya sa ta saki dofamin, wanda ke kawo jin daɗi da natsuwa. Sai dai nikotin ba ya daɗewa a jini, domin cikin kimanin awa 2 rabinsa ya riga ya fita, shi ya sa mashayi ke yawan laluben aljihu. Idan aka yanke shi gaba ɗaya, alamun rashinsa kan fara cikin awa 4 zuwa 24, su yi tsanani a kwana na 2 da na 3, sannan su riƙa sauka cikin mako 2 zuwa 4. Wannan lissafi ya cancanci ka riƙe shi da kyau, domin mutane da yawa suna komawa taba ne a daidai lokacin da wahalar ta kai ƙololuwa, suna zaton haka za ta ci gaba har abada, alhali kuwa ta kusa fara sauƙi.

Abin da ya fi damun kowa shi ne matsananciyar sha'awar taba. Ba ta zama da mutum yini guda cur. Takan taso ne da ƙarfi, ta yi 'yan mintuna, sannan ta lafa ko an sha ko ba a sha ba. Saboda haka aikin da ke gabanka shi ne ka tsallake waɗannan mintuna, ɗaya bayan ɗaya. Da zarar ta taso, ka duba agogo ka ba kanka minti 10, ka tashi daga inda kake, ka sha ruwa a hankali, ka ja numfashi ta hanci har cikinka ya cika sannan ka sake shi sannu a hankali. Tafiya da sauri, ko da ta 'yan mintuna ce, tana rage ƙarfin sha'awar. Ka kuma sama wa hannu da baki abin yi, domin sun saba da motsin ɗauka da kaiwa baki sau da yawa a rana.

Ka zauna tun da wuri ka rubuta lokutan da ka saba kunna sigari: bayan tashi daga barci, bayan cin abinci, lokacin waya, lokacin ɓacin rai, ko cikin abokan da ke sha. Kowane ɗaya ka tanadar masa abin da zai maye gurbinsa. Ka fitar da kwalin sigari da ashana da abin zuba toka daga ɗaki da mota, ka wanke tufafin da suka ɗauki wari. A makonnin farko ka nisanci zaman da ake busa hayaƙi, ka kuma guji giya, domin tana raunana ƙudurin mutum.

A ganina, kuskure mafi girma shi ne ɗaukar neman magani a matsayin gazawa. Dogaro da nikotin canji ne da ya faru a ƙwaƙwalwa, kuma akwai magungunan da aka tabbatar suna taimakawa. A shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan taimaka wa manya su daina taba, inda ta ba da shawarar amfani da magungunan maye gurbin nikotin, da varenicline, da bupropion, da cytisine, tare da shawarwarin ma'aikatan lafiya. Magungunan maye gurbi suna ba jiki nikotin kaɗan kaɗan ba tare da kwalta da iskar guba ta hayaƙi ba, waɗanda su ne ke haddasa mafi yawan cututtukan taba. Akwai filastar da ake liƙawa a fata, wadda ga mai shan fiye da kara 10 a rana akan fara da mai miligiram 21, a sauko zuwa 14, sannan 7, cikin mako 8 zuwa 12. Akwai kuma cingam da alewar tsotsa masu miligiram 2 ko 4, kuma wanda ke kunna sigari cikin minti 30 da farkawa yakan fi buƙatar mai 4. Haɗa filasta da cingam ko alewa ya fi amfani da ɗaya kawai, domin filasta tana riƙe jiki duk yini, ɗayan kuma yana kashe sha'awar da ta taso ba zato.

Cingam ɗin nikotin yana da yadda ake taunarsa. Ana tauna shi ne a hankali har a ji ɗan yaji, sai a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, idan yajin ya tafi a sake taunawa. Mai tauna shi da sauri yana haɗiye nikotin ɗin, sai shaƙuwa da ƙwannafi su biyo baya. Kada a sha kofi ko lemo mai tsami minti 15 kafin a sa shi a baki. Sauran magungunan kuwa sai da izinin likita. Bupropion, alal misali, bai dace da mai farfaɗiya ba, kuma mai juna biyu ta fara tuntuɓar likita kafin ta yi amfani da kowanne.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa wa masu daina taba ba. Hayaƙin sigari yana sa hanta ta yi saurin narkar da kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi da shayi mai hana barci, don haka bayan an daina, kofi ko shayin da aka saba sha zai fi daɗewa a jiki, ya kawo faɗuwar gaba da rashin barci, mutum ya ɗora laifin duka a kan rashin taba. Ka rage kofi ko shayin da kake sha zuwa kamar rabi, kuma ka daina shan su da yamma. Haka abin yake ga wasu magunguna irin su theophylline na asma, da clozapine da olanzapine na taɓin hankali, saboda haka mai shan su ya sanar da likitansa cewa ya daina taba, domin a duba ko za a rage masa.

Saurin fushi, rashin tattara hankali da ƙuncin zuciya suna cikin alamun da aka sani. Ka gaya wa iyalinka da abokan aikinka halin da kake ciki, ka nemi su yi maka uzuri na 'yan makonni, ka kuma ɗage manyan shawarwari idan da hali. Idan filasta na hana ka barci ko tana kawo mafarkai masu yawa, ka cire ta kafin ka kwanta. Tari da kaki na iya ƙaruwa yayin da huhu ke fitar da dattin da ya taru, kuma taurin bayan gida yakan yi sauƙi da yawan shan ruwa, 'ya'yan itatuwa da ganyaye. Yunwa za ta ƙaru, kuma da yawa sukan ƙara kilo 4 zuwa 5 cikin shekarar farko, wanda haɗarinsa bai kai ko kusa da na komawa taba ba.

Tunanin da ya fi kayar da mutane shi ne cewa kara ɗaya ba zai yi komai ba. Zuƙa ɗaya tana farkar da abin da ka sha wahala kafin ya kwanta. Idan har hakan ta faru, ka jefar da sauran kwalin nan take, ka ci gaba da maganinka, ka gano abin da ya ja ka domin ka shirya masa. Yawancin waɗanda suka rabu da taba sai da suka gwada fiye da sau ɗaya. Amma idan ƙuncin zuciya ya yi tsanani ko ya ƙi tafiya bayan makonni, ko tunanin cutar da kai ya zo, ko aka ga jini a kaki, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi suka taso, a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba.