In wutar cek injin ta kama, kar ka yi saurin sayen sansa

1. Nemo na'urar OBD2, wato na'urar da ke karanta lambar matsalar mota, ka jona ta a soket ɗin nan mai rami 16 da ke ƙasan sitiyari, ka murɗa makulli amma kar ka tada injin. Rubuta lambar da ta fito kafin wani ya goge maka ita.

2. Mu ce P0135 ta bayar. Wannan matsalar hita ce ta sansan iskar oksijin na farko, wanda yake jikin salansa kafin katalis, wato abin da ke tace hayaƙin mota. Lambar fa wurin da za a duba take nuna maka, ba wai sansan ya mutu ba kenan.

3. Fara da fiyus da waya, sau da yawa zafin salansa ne ya narkar da waya ko ɓera ya ci ta ko soket ya yi tsatsa, gyaran ɗan kuɗi kaɗan amma sai a ce ma mutum sai sabo, abin nan yana min ciwo wallahi. Sa bakanike ya auna wayoyin hitar da mita, a sansan kamfanin Denso su ne baƙaƙe guda biyun. In mitar ba ta nuna komai ba to sansan ya ƙone.

4. Wajen saye tafi da tsohon a hannunka, lambar jikinsa da bakin soket su zo ɗaya. Sansan gaban katalis da na bayansa suna kama amma aikinsu daban. In Toyota ce ni dai Denso nake so, gara na Baljiyam mai kyau da sabon jabu.

5. Ɗaura da sifana 22, goge lambar, ka yi kwana biyu kana hawa ka ga ko wutar za ta dawo.