Yadda za ka je baje kolin jiragen ruwa masu tafiya da iska ba tare da ka ƙarar da aljihu ba

A Annapolis ta Amurka ana yin wannan baje koli duk watan Oktoba.

1. Kafin ka tashi, auna kayan jirginka: tsawon igiyoyi da kaurinsu, faɗin gurbin batir, lambar injin. Igiya mai kaurin milimita 12 takan cije a ƙaramin gargaren jan igiya da aka yi don mai milimita 10, kuɗinka ya tafi a banza.

2. Rubuta abubuwa uku da jirgin ke buƙata da gaske, kayan tsira a gaba. Ware musu kuɗi.

3. Sayi tikiti ta intanet. Sa takalmi mai sauƙin cirewa, domin sai ka cire kafin ka hau yawancin jirage.

4. Zagayen farko kallo ne kawai. Ɗauki hoton farashi, ka gwada da na shaguna a wayarka. Ba kowane "rangwame" ne rangwame ba.

5. Koma ranar ƙarshe ka yi ciniki, lokacin 'yan kasuwa ba sa son komawa da kaya. Abu mai nauyi kamar anga (ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa don tsayar da jirgi), nemi a aiko maka gida, kuma a rubuta kuɗin aikowar a rasit.