Darasi na 9: Zaɓen kyamarar ɗaukar tafiya a kan babur

A Tawa da Yamai yanzu akan ga masu babur da ƴar ƙaramar kyamara manne a hular kwano. Wasu ƴan kabu-kabu ne masu son shaida idan an yi karo ko gardama ta tashi a mararraba. Wasu kuwa so suke su nuna wa ƴan uwa yadda hanya take. Ko mene ne dalilinka, kada rubutun da ke jikin kwali ya ruɗe ka. Abu uku ne ke lalata ɗauka a ƙasarmu: jijjigar babur, zafin rana, da katin memori na jabu.

Jijjiga

Yawancin baburanmu masu silinda ɗaya ne, injinsu na girgiza ƙarfe tun daga salansa har madubi. Ɗora tafin hannunka a kan tanki inji na aiki, za ka ji. Kyamara ba ta ɗaukar hoto gaba ɗaya a lokaci guda, layi-layi take karanta shi daga sama zuwa ƙasa. Idan tana rawa, sai ka ga falwayar wuta ta lanƙwashe, kwalta na motsi kamar ruwan tafki. A hanyar burji mai gargada abin ya fi muni.

Saboda haka tambayar farko ga mai shago ita ce: tana daidaita hoto? A kwali akan rubuta EIS. Kamfanin GoPro na kiran nasa HyperSmooth, DJI na kiran nasa RockSteady. Kyamarar da ba ta da wannan, bar ta, ko da an ce 4K ce, wato mai ɗaukar babban hoto mai kaifi sosai. Da yawa daga cikin masu araha ƙaramin hoto suke ɗauka su buɗa shi, su kira shi 4K.

Kada ka ɗaure wayarka a hannun babur don ɗaukar bidiyo. A cikin kyamarar wayoyi masu tsada akwai ɗan gilashi da ke lilo a kan siraran wayoyin ƙarfe, jijjiga na iya kashe shi. Kamfanin Apple da kansa ya yi wannan gargaɗi a 2021 game da iPhone da babura masu ƙarfin inji.

Inda za a ɗaura ta

Wuri mafi kyau shi ne haɓar hular kwano, irin mai rufe fuska duka. Wuyanka da jikinka na shanye girgiza, kuma duk inda ka waiga can kyamara ke kallo. Ɗamarar ƙirji ita ma tana yi, sai dai hannuwa da agogon gudu na cin rabin hoton. Hannun babur shi ne na ƙarshe.

Ga yadda ake manna mazauninta. Goge wurin da ɗan alkol a tsumma mai tsabta, ka bari ya bushe. Ɓare takardar gam ɗin, danna da babban yatsa da ƙarfi kamar rabin minti. Sannan ka ajiye hular a inuwa awa 24 kafin ka ɗora kyamara. Masu gaggawa su ne kyamararsu ke faɗuwa a rana ta biyu. Ƙara da siririyar igiya, ka ɗaure kyamarar a maɗaurin hula. Kada ka huda hular da ƙusa ko noti: hular da aka huda ba za ta tsare kai yadda ya kamata ba ranar faɗuwa.

Zafi da batir

A watan Afrilu da Mayu zafin Tawa na wuce digiri 40, kyamara kuma tana da nata zafin a ciki. In ya yi mata yawa sai ta kashe kanta. Iskar gudu na sanyaya ta, amma da ka tsaya jiran fasinja a rana, kashe ta. Cire ta daga akwatin roba na shiga ruwa, domin yana riƙe zafi kamar murhu.

Batir ɗaya yakan yi awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Mai tafiya Konni ya sayi mai cirarren batir, ya riƙe na biyu a aljihu. Ɗan kabu-kabu mai wuni a hanya gara ya sa mai gyaran wuta ya haɗa masa cajar USB, wadda ke mayar da bolt 12 na babur zuwa bolt 5. A sa mata fiyus, a jona ta bayan makulli. In aka jona ta kai tsaye a batirin babur, za ta yi ta zuƙar wuta cikin dare, da safe sai turi.

Katin memori

Nan ne aka fi cutar mutane. Duba jikin katin: nemi harafin U da 3 a cikinsa, ko V30. Ma'anarsa katin na iya rubuta megabait 30 a kowane sakan. Wanda bai kai haka ba, bidiyo zai riƙa tsinkewa ko kyamara ta tsaya.

Akwai katin da aka rubuta wa giga 128 alhali cikinsa bai wuce 8 ko 16 ba. Zai nuna maka yana ɗauka, sai ranar da kake neman shaida ka tarar fayil ba ya buɗuwa. Gwajinsa ɗaya ne: ranar da ka saye shi ka cika shi da bidiyo, sannan ka buɗe na farko, na tsakiya da na ƙarshe. Goge duk abin da ke cikin katin (format) daga cikin kyamarar kanta kafin fara aiki, kuma ka riƙa maimaitawa duk wata bayan ka kwashe abin da kake so.

Yadda za ka saita ta

Sa girman hotonta a 1080 (ƙasa da 4K), hoto 60 a sakan da rana, 30 da magariba. Awa ɗaya a 1080 na cin giga 10 zuwa 20, gwargwadon kyamara. 4K na ninka haka, ga ƙarin zafi. Kati mai giga 64 ya ishi tafiyar awa uku ko huɗu. Mai neman shaida ya kunna ɗauka mai zagayawa, wadda ke yanka bidiyo minti 3 ko 5, kati na cika ta share mafi tsufa. In wani abu ya faru, tsayar da ita nan take, kada ta share shi. Gyara kwanan wata da agogo tun farko.

Kada ka buɗe idonta har ƙarshe. Faɗin digiri 170 na kama gefe da gefe, amma lambar motar da ke gabanka za ta koma ƙanana har ba ta karantuwa. Matsakaicin faɗi ya fi amfani.

Don ƙurar hunturu da ruwan damina, nemi alamar IP67 ko sama. Hura ƙura daga gilashi kafin ka goge, don yashi na karce shi. Ɗan soso a bakin makirfo na rage hugun iska.

Kafin ka biya

Ce wa mai shago: “Alhaji, a bari in gwada.” Kunna ta, ka yi taku ashirin da sauri tana hannunka, ka juya wajen wani babur da ke nesa kamar taku goma. Kalli bidiyon a waya, ka tsayar da shi, ka ga ko lambar na karantuwa. Taɓa jikinta bayan minti goma. Tambayi ko ana samun batirinta da mazauninta a kasuwa.

A hanya kuma, kashe ta tun kafin ka isa shingen jami'an tsaro, barikin soja ko filin jirgi. In za ka sa bidiyo a Facebook ko WhatsApp fuskar fasinja na ciki, nemi izininsa tukuna, musamman matan aure.