Allurar gwajin maraina: yadda ake yinta idan an ce babu ƙwayar haihuwa a maniyyi

Ɗan'uwa in an yi maka gwajin maniyyi rizal ya fito babu ƙwaya ko ɗaya, kar ka yanke ƙauna tukuna, kuma don Allah a daina yawo da matar nan daga wannan mai magani zuwa wancan. Abin da ake son sani yanzu shi ne, marainan ne ba sa haɗa ƙwayoyin, ko suna haɗawa hanya ce ta toshe? Allurar nan da ake zuƙo ɗan abu daga cikin marainan da ita a duba, ita ke raba gardama.

Amma ba da ita ake farawa ba. Ka yi gwajin maniyyin aƙalla sau 2, kowanne bayan ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, a ɗebi jini a duba FSH da testosterone, sinadaran jiki masu sa maraina haɗa ƙwayoyin, sannan ka ga likitan mafitsara ya taɓa ya ji girman marainan. Faɗa masa komai wallahi, ko hangum da ya kama ka bayan ka balaga ya sauko maraina, ko ciwon sanyi da aka sha kafso a kemis aka watsar, ko aikin kaba, har allurar testosterone ta ƙarfin maza, don ita da kanta tana tsayar da haɗa ƙwayoyin. In kana shan asfirin ko maganin tsinka jini ka faɗa tun kafin ranar allurar.

Ranar za a wanke wajen a yi allurar kashe zafi, likita ya riƙe ƙwallon da yatsu har fatar ta miƙe, ya soka siririyar allura mai lamba 21 zuwa 23 ya zuƙo da sirinji. Ba waje ɗaya yake sokawa ba, kuma duka biyun ake dubawa, saboda sau da yawa wannan lungun babu komai amma can gefe akwai ƙwaya. Abin da ya fito bai kai ɗigo ba, a shafa a gilashi a rina da wani rini da ake kira Giemsa a kai lab. Ba yanka ba ɗinki, ranar za ka koma gida.

In aka ga ƙwayoyi da yawa cikakku da jelarsu, to toshewa ce, kuma wannan labari ne mai daɗi, ana iya aikin buɗe hanya ko a ɗebo su a yi dashen kwalba ta hanyar ICSI, wato a cusa ƙwaya ɗaya tak cikin ƙwan mace. Wani kuma suna nan amma kaɗan, wani sun tsaya a tsakiya ba su nuna ba, wani sai ƙwayoyin Sertoli masu reno kawai za a tarar. Ko a nan ka tambayi likita zancen micro-TESE, aikin da ake buɗe marainan a lalubo ƙwayoyin da madubin likita mai ƙara girman abu.

A gida ka sa ɗan kamfai mai kama jiki, ƙanƙara a cikin tsumma, farasitamol, a bar ɗaukar kaya da hawan mashin na 'yan kwanaki. In wajen yana ta kumbura, ko ya yi baƙi, ko zazzaɓi ya rufe ka, koma asibiti a ranar.